Darasin Ƙarshen Zango: Yadda Za Mu Karanta Katin Sakamako

 An gama jarrabawa, malamai sun duƙufa kan tattara maki, 'yan kwaya suna gwajin waƙoƙin sujadar godiya, sababbin shugabannin ɗalibai kuma suna shirin karɓar aiki daga hannun waɗanda za su sauka. Nan da 'yan kwanaki kowa zai karɓi katin sakamakonsa ya kama hanyar gida.

Sau da yawa minti ɗaya kacal ake ba wannan katin. Ido ya sauka kan lamba, wato na nawa aka zo, daga nan ko a yi tsalle ko a naɗe shi a cusa can ƙasan jaka. Aikin wata goma ke nan aka yanke masa hukunci a minti ɗaya. Shi ya sa Ƙungiyar 'Yan Jarida ta ware wannan bugu na allon bango domin darasi guda: yadda ɗalibi zai gane daga katinsa ko ya ci gaba a bana, da abin da zai yi a dogon hutu don kada abin da ya tara ya zube. Ku matso da biro da takarda, akwai ɗan lissafi a ciki.

1. Iyakar abin da lamba take faɗa

Lamba tana kwatanta mu ne da abokan ajinmu. A ajin mutum 40, kujerar na ɗaya guda ce, kuma dole wani ya zo na 40 ko da duk ajin haziƙai ne. Mu ɗauka kowane ɗalibi ya ƙara maki 10 a kowane darasi. Ajin ya ci gaba ƙwarai, amma lambar kowa tana nan inda take. Mu kuma ɗauka kowa ya rage maki 10. Har yanzu akwai na ɗaya, kuma za a tafa masa ranar ba da kyaututtuka.

Ga misali. Wata ɗaliba ta sami matsakaicin maki 78 a zango na ɗaya, 76 a na biyu, 73 a na uku, kuma kullum ita ce ta uku a aji. Wani ɗalibi kuma ya sami 44, sai 51, sai 58, ya ƙare a na 27. Idan aka haɗa zangon uku aka raba, ita tana da 75.7, shi yana da 51. Babu shakka ta fi shi maki, kuma ta cancanci kyautarta. To amma wa ya ci gaba? Shi ya ƙara maki 14 a shekara, ita ta rasa 5. Idan kowa ya ɗore a kan hanyar da yake, wataran za su haɗu a tsakiya. Ita tana bukatar a tambaye ta me yake faruwa, shi kuma yana bukatar a ce masa sannu da ƙoƙari. Wanda ya tsaya a kan lamba kawai zai yaba mata ya wuce, ya yi masa faɗa.

Ba muna raina lamba ba ne. Gasa tana zaburar da mutum, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sai dai ci gaba yana fitowa ne idan muka jera kanmu na yau da kanmu na watan Satumban bara. Katin yana da wurare huɗu da suke nuna wannan.

2. Wurare huɗu da ya kamata ido ya tsaya

Na farko: makin gwaji da makin jarrabawa. Tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka ɗora makarantun Nijeriya a kan auna ɗalibi a kai a kai, don kada jarrabawar rana ɗaya ta yanke makomar yaro. A katinmu, gwaje-gwaje da jinga suna ɗaukar maki 40, jarrabawa 60. Mu duba ɗalibai biyu da kowannensu ya sami 61 a Lissafi. Na farko yana da 34 cikin 40 a gwaji, wato kashi 85 cikin ɗari, amma 27 cikin 60 a jarrabawa, wato kashi 45. Na biyu yana da 16 cikin 40, kashi 40 ke nan, amma 45 cikin 60 a jarrabawa, wato kashi 75. Jimla ɗaya, ciwo daban. Na farko yana gane darasi a makon da aka koyar, amma ba ya daɗewa a kansa, ko kuwa lokaci ne yake ƙure masa a ɗakin jarrabawa, ko kuma, mu faɗi gaskiya, wani ne yake yi masa jinga. Na biyu yana da kai, amma yana sakaci da aikin yau da kullum, sai jarrabawa ta matso ya kwana a kan littafi. Maganin wancan shi ne bita da gwajin amsa tambayoyi da agogo a gaba. Maganin wannan shi ne miƙa kowace jinga a kan lokaci.

Na biyu: matsakaicin makin aji. Ba kowace jarrabawa ce take da wahala iri ɗaya ba, don haka maki shi kaɗai yana iya ruɗar mutum. Wanda ya sami 62 a zango na ɗaya, lokacin da matsakaicin aji yake 60, ya ɗara aji da maki 2. Idan a zango na uku ya sami 58 alhali matsakaicin aji 47 ne, ya ɗara aji da maki 11. Makinsa ya sauka a ido, amma shi ya hau. Haka kuma wanda yake murna da 70 a darasin da matsakaicin aji yake 74, ya kamata ya sake dubawa.

Na uku: jerin zango uku, darasi bayan darasi. A rubuta sunan kowane darasi a gefen takarda, a jera makinsa uku a gaba, sannan a zana kibiya mai kallon sama, ko ƙasa, ko gefe. Kibiyoyin da suka kalli ƙasa sau biyu a jere su ne aikin hutunmu. Ruwa ba ya tsami banza. Galibi akwai wani babi da ya wuce mu, sai duk abin da aka gina a kansa ya riƙa rushewa. Wanda bai kama lissafin ɓangarori ba a JS 1, zai sha wuya da aljabara a JS 2.

Na huɗu: halarta da halayya. Wannan shi ne gefen da aka fi tsallakewa. Idan makaranta ta buɗe kwana 60 a zango, ɗalibi ya yi fashin kwana 9, ya rasa kusan mako biyu na karatu, kuma sau da yawa a nan amsar faɗuwar makinsa take. Ƙasa da wannan akwai jerin halaye da malamin aji yake ba maki daga 1 zuwa 5: zuwa a kan lokaci, tsafta, ladabi, gaskiya, zama da jama'a, riƙon amana. Akwai kuma aikin hannu, kamar kyan rubutu, zane da wasanni. Wannan rabo ya samo asali ne daga aikin wani masanin ilimi na Amurka, Benjamin Bloom, wanda shi da abokan aikinsa suka raba koyo gida uku a 1956: na ƙwaƙwalwa, na hali, da na gaɓoɓi. Za mu dawo kan hali a gaba.

3. Inda makin yake kai mu

'Yan manyan azuzuwa su riƙa auna makinsu da ma'aunin da za a auna su da shi a waje. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, suna ba da sakamako daga A1 zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit, kuma bisa ma'aunin da aka saba, C6 yana farawa ne daga maki 50. D7 da E8 an tsallake, amma ba kiredit ba ne. Jami'o'in ƙasar nan suna neman kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da mutum yake so, ciki har da Turanci, da Lissafi a fannoni da yawa, ban da makin jarrabawar JAMB.

Ma'anar wannan ita ce matsakaicin maki mai kyau yana iya ɓoye rami. Ɗalibin SS 2 mai matsakaicin 68, wanda Lissafinsa yake yawo tsakanin 42 da 46, yana cikin haɗari fiye da mai matsakaicin 57 wanda babu darasin da ya gaza 50. Na farko zai iya fitowa da A1 uku ya zauna a gida shekara guda saboda darasi ɗaya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma ga 'yan SS 2 wannan hutun shi ne Larabar. Haka ma 'yan JS 2, waɗanda jarrabawar kammala ƙaramar sakandare take jiransu baɗi.

A nan ne kuma satar amsa take cutar da mai ita. Makin da aka kwafa yana rufe ramin da ya kamata malami ya gani ya cike. Ɗalibin da ya sami 38 na gumin kansa ya san inda zai fara. Wanda ya sami 65 na aro ba zai sani ba sai ranar da babu mai ara masa.

4. Ga wanda aka ce ya maimaita aji

A cikinmu akwai waɗanda katinsu zai zo da labari mai ɗaci. Muna roƙon sauran ɗalibai su kama bakinsu, domin dariyar da aka yi wa mutum a irin wannan rana tana iya raba shi da makaranta gaba ɗaya. Su kuma waɗanda abin ya shafa, ga tarihin wani da Ikilisiya take tunawa da shi ranar 31 ga Yuli, daidai farkon hutunmu.

An haifi Waliyyi Ignatiyus na Loyola a ƙasar Sifen a 1491. Soja ne, har sai da harsashin igwa ya farfasa masa ƙafa a yaƙin Pamplona a 1521. Bayan ya warke ya juya ga bautar Allah, sai ya ga ba zai iya aikin da yake so ba sai da ilimi. A 1524, yana ɗan shekara 33, ya zauna a aji ɗaya da ƙananan yara a birnin Basilona yana koyon nahawun Latin daga tushe. Ya haura shekara 40 kafin ya karɓi digirinsa na biyu a Jami'ar Paris. Ƙungiyar da ya kafa, wato Jesuit, wadda Paparoma ya amince da ita a 1540, tana cikin waɗanda suka fi kowa yawan makarantu da jami'o'i a duniyar Katolika har yau. Mutumin da ya zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa ke nan. Shekara ɗaya da aka maimaita aka gyara tushe ta fi shekara uku da aka ja jiki ana bin aji ba a gane komai. Tafiya sannu sannu, kwana nesa.

Akwai wani abu kuma da ya bari wanda ya dace da darasinmu. Ya koya wa almajiransa su zaɓi aibu ɗaya tak da suke so su rabu da shi, su ja layuka a takarda, su riƙa sa ɗigo duk lokacin da suka faɗa cikinsa, sannan su kwatanta yau da jiya, wannan mako da wancan. Bai ce su kwatanta takardarsu da ta maƙwabci ba. 'Yan'uwanmu Musulmi sun san irin wannan da sunan muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi. Abin da muke cewa a yi da katin sakamako ke nan.

5. Dalilin da ya sa makarantarmu take auna hali

Makarantun Katolika sun daɗe a wannan gari. Fada-fadan ƙungiyar SMA ne suka buɗe Kwalejin St. John a 1949, wadda ita ce Kwalejin Rimi ta yanzu a Unguwan Rimi. Sistocin ƙungiyar OLA kuma suka riƙe makarantar 'yan mata ta Queen of Apostles a Kakuri, wadda ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Sunayen sun canja ne bayan da gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan a 1972. Makarantun da Ikilisiya take gudanarwa a yau, irin tamu, a kan wannan gadon suke tafiya.

Ranar 28 ga Oktoba, 1965, babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Vatikan ya fitar da sanarwa kan ilimi. Jigonta shi ne cewa aikin makaranta gina mutum ne gaba ɗayansa, hankalinsa da lamirinsa da zamansa cikin al'umma. A wannan rana dai taron ya fitar da wata sanarwar kan dangantaka da sauran addinai, inda ya bayyana girmamawar Ikilisiya ga Musulmi, ya kuma yi kira da a fahimci juna a yi aiki tare domin adalci da zaman lafiya.

Ga mu 'yan Kaduna, wannan ba maganar takarda ba ce. Iyayenmu sun ga rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, waɗanda suka ci rayuka masu yawa. Bayansu ne jama'a suka yi ta ƙaura, Kiristoci da dama suka koma kudancin kogi, Musulmi da dama suka dawo arewacinsa. Mu da aka haifa daga baya mun tashi mun tarar da garin a haka. Amma kowace safiya wasunmu suna haye gada daga Barnawa, Narayi da Sabon Tasha, wasu suna tahowa daga Kawo, Malali, Badarawa da Tudun Wada, mu zauna benci ɗaya, mu ari biron juna, mu ci abinci a kwano ɗaya. Layin nan na zama da jama'a da yake kan katinmu, wannan yake aunawa.

Jarrabawarsa ta gaskiya kuwa a hutu ake yin ta. Mako shida ko fiye za mu yi a unguwanninmu, inda mai yiwuwa kowa addininsa ɗaya da namu. Za a yi hira a majalisa, za a turo saƙo a WhatsApp, a yi wa wani ɓangare kuɗin goro. A lokacin ne ɗalibin da ya ci gaba zai tuna da fuskar abokin bencinsa, ya ƙi tura saƙon gaba, in da hali ma ya ce cikin ladabi: ni dai wanda na sani ba haka yake ba. Babu malamin da zai ba da maki a kan wannan, amma ya fi maki da yawa nauyi.

6. Yadda hutu yake cin karatu

Yanzu mu koma ga ƙwaƙwalwa. A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sannan ya auna abin da ya rage bayan wani lokaci. Bayan minti 20, kusan kashi 58 cikin ɗari ne ya rage. Bayan awa ɗaya, kashi 44. Bayan kwana ɗaya, kusan kashi ɗaya bisa uku. Bayan wata guda, kusan kashi 21. Abin da mutum ya fahimta ya fi haka daɗewa a kai, domin ma'ana tana riƙe shi. Amma darasin yana nan: mantuwa ta fi gudu a farko, kuma abin da aka haddace ba a gane ba shi ne yake fara tafiya. Karatun daren jarrabawa irin wannan ne.

A 1996 wani masani a Amurka, Harris Cooper, da abokan aikinsa suka tattara bincike 39 kan dogon hutun makarantun ƙasarsu. Sun gano cewa ɗalibi yakan dawo ya yi asarar kimanin karatun wata guda, kuma asarar ta fi yawa a lissafi da rubuta kalmomi daidai. Hutunsu ya fi namu tsawo, amma dalilin ɗaya ne: abin da ake iyawa ta hanyar yawan yi, in an daina yi sai hannu ya yi sanyi.

To mene ne magani? A 2006 wasu masana biyu na Jami'ar Washington da ke St. Louis, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka ba ɗalibai wani rubutu. Rukuni ɗaya ya yi ta maimaita karantawa. Wani rukunin ya karanta a zama ɗaya, sannan aka karɓe takardar aka sa su rubuta abin da suka tuna, har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada su bayan mako ɗaya kuwa, masu maimaita karatu sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu sun tuna kashi 61. Wato karanta littafi sau da yawa yana sa mutum ya ji kamar ya iya, amma rufe littafin a tilasta wa kai ya fito da amsa shi ne yake kafa ilimi.

7. Shirin hutu mai sauƙi

Ba mu ce a mai da hutu makaranta ba. Jiki yana da hakki, iyaye suna da aike, wasunmu za su tafi ƙauye taya noma. Ga abin da muke ganin kowa zai iya.

Na ɗaya, kafin a rufe makaranta, mu nemi ganin takardun jarrabawarmu na darussa biyu da suka fi ba mu wahala. Mu raba kurakuran gida uku: abin da ba mu taɓa ganewa ba, abin da muka gane muka manta, da abin da muka sani amma gaggawa ko rashin karanta tambaya da kyau ya kayar da mu. Na farko yana bukatar wanda zai sake yi mana bayani, na biyu bita, na uku natsuwa.

Na biyu, mu ware minti 45 a rana, kwana biyar a mako. A mako shida, zama 30 ke nan, awa 22 da rabi. Da safe ya fi, kafin rana ta ɗaga aike ya fara.

Na uku, a kowane zama mu karanta babi kaɗan, mu rufe littafin, mu rubuta abin da muka tuna, sannan mu buɗe mu duba. Mu sake gwada kanmu a kan wannan babin washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako ɗaya. A Lissafi kuwa, tambaya biyar da aka warware da hannu sun fi shafi ashirin da aka kalla da ido.

Na huɗu, mu koya wa ƙane ko ƙanwa abin da muka karanta. Duk inda bayani ya tsaya mana a maƙogwaro, nan ne ba mu gane ba.

Na biyar, mu karanta littafin labari ɗaya na Turanci da ɗaya na Hausa daga farko har ƙarshe. Akwai ɗakin karatu a titin Bida ga wanda gidansu yake da hayaniya.

Na shida, mu koyi wani abu da ba ya cikin manhaja. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu yana da mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, daga kudancin jiharmu. Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, yana ajiye da tarihin Arewa. Wanda kuma yake da ɗan'uwa a Panteka ko a shagon ɗinki a Kasuwar Barci, da izinin iyaye ya je ya ga yadda ake awo da yanka. Zai dawo ya ga amfanin lissafin da yake gudu.

Na bakwai, lafiya uwar jiki. Likitocin barci sun ce matashi yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare, don haka a ajiye waya da wuri. Damina ce, a kwana cikin gidan sauro. Kogin Kaduna yana cika ya yi ƙarfi a Agusta da Satumba, kada abokai su ja mu zuwa wanka ko kamun kifi a bakinsa.

8. Roƙo ga malamai da iyaye

Malamanmu, mun san ɗawainiyar cike kati ɗari da wani abu a mako ɗaya, Allah ya saka da alheri. Roƙonmu ɗaya ne: a gurbin sharhin malamin aji, jimla ɗaya da ta ambaci takamaiman abu ta fi mana amfani a kan cewa a ƙara ƙoƙari. Idan aka rubuta cewa ɗalibi ya gyara zuwa a kan lokaci amma ya kula da jingar Kimiyya, ya san abin da zai riƙe da abin da zai gyara.

Mu ɗalibai kuma, mu kai katin gida da hannunmu, a ranar, ba tare da goge ko kankare ba. Idan Baba ko Mama suka tambayi na nawa muka zo, mu faɗa, sannan mu roƙe su su zauna mu nuna musu kibiyoyin. Iyayen da suka yi gumin kuɗin makaranta zango uku sun cancanci cikakken bayani, mai daɗi ko marar daɗi.

9. Aikin wannan bugu

A daren da aka karɓi kati, kowa ya sami takarda ya amsa waɗannan tambayoyi biyar:

(a) A wane darasi na fi ƙara maki tsakanin zango na ɗaya da na uku, kuma me na yi daban?
(b) A wane darasi kibiyata ta kalli ƙasa, kuma daga wane babi abin ya fara?
(c) Tsakanin gwaji da jarrabawa, wanne ne ya fi rauni idan na mai da su kashi cikin ɗari?
(d) Wane hali ɗaya nake so makinsa ya ƙaru baɗi, kuma me zan riƙa yi kullum a kansa?
(e) Wa ya taimake ni a bana da ban gode masa ba, kuma wa na ɓata wa rai da ban nemi gafararsa ba?

Babu wanda zai karɓi wannan takarda. A naɗe ta a sa cikin katin, a buɗe a makon farko na sabon zango. Tambaya ta ƙarshe kuwa kada a jira Satumba, domin wasu daga cikin waɗanda ta shafa, musamman yayyenmu 'yan SS 3, ba za mu sake haɗuwa da su a filin taron safe ba.

Yayyenmu masu tafiya, Allah ya ba da sakamako mai kyau, ya buɗa hanya. Sauranmu kuma, Allah ya kai kowa gida lafiya, ya dawo da mu lafiya. Sai mun haɗu a bugu na gaba.

Ƙungiyar 'Yan Jarida